Ƙabilar Gwara: Asalinta da Rabe-Rabenta



Da aka sanya ni in yi magana a yau, wani abokina ya ce da ni, ashe duk matsalolin ƙasar nan ban ga wadda zan ɗauka ba sai tsuntsaye? Na ce da shi ya yi haƙuri ya zo ya ji. Ni mutumin Ƙofa ne ta ƙasar Bebeji, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu, ko a Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ya san cewa maganar tsuntsu maganar abinci ce. Tun ban kai shekara 10 ba ake tura ni gona da asuba in yi tsaron dawa da shinkafa, da majajjawa a hannu da gwangwanaye a ɗaure jikin igiya. A lokacin nan ilmina game da tsuntsaye kashi biyu ne kawai, watau masu ci mana amfani da waɗanda mu muke ci. Sai da na zo jami'a na tarar kusan dukan waɗanda na yi ta jifa 'yan ƙabila guda ne, kuma ita ce ƙabilar tsuntsaye mafi girma a duniya.

Bari in fara da gyara kalmomi, domin kada mu ruɗe. Masana halittu suna jera masu rai hawa-hawa kamar yadda muke jera mutane. Matakin ƙasa shi zan kira jinsi, watau tsuntsayen da suke barbara da junansu su haifi irinsu, kamar hankaka. Jinsuna makusanta su ne gida ɗaya, gidaje su haɗu su zama dangi, dangogi kuma su haɗu su zama ƙabila. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus shi ya daidaita wannan tsari, kuma daga bugun littafinsa na 1758 ake fara lissafin sunayen dabbobi na Latin. A cikin littafin nan ya ware wani rukuni ya kira shi Passeres, daga kalmar Latin mai nufin gwara. Yau ana kiran ƙabilar Passeriformes, ni kuwa zan kira ta ƙabilar gwara.

Tsuntsayen duniya da aka sani sun kai jinsi 11,000 ko kusa da haka. A cikinsu kimanin 6,500 'yan ƙabilar gwara ne, watau fiye da rabi, a rarrabe cikin dangogi sama da 140. Sauran ƙabilu duka, da ta kaji da zabi da fakara, da ta kurciya da hasbiya, da ta shaho da ungulu, da ta agwagi, da ta mujiya, da ta jimina, in an haɗa su gaba ɗaya ba su kai ta ba. Wanda ya tsaya a bakin madatsar ruwa ta Tiga da safe zai iya ƙirga 'yan wannan ƙabila da yatsunsa har su ƙare: ga gwara, ga kabare yana saƙa, ga mulufi da jar rigarsa in damina ce, ga zalaidu yana jan bindi, ga sha-kauci a kan furanni, ga suda a cikin sarƙaƙiya, ga kanari, ga carki a bayan saniya, ga kuma hankaka, wanda shi ne ƙato a cikinsu a wajenmu. Wani hankaka mai kaurin baki na ƙasar Habasha yakan kai kilo ɗaya da rabi, alhali ƙaramin 'yan ƙabilar, wani ɗan tsuntsu na Kudancin Amurka, bai wuce giram 4 da 'yan kai ba.

To, me ya haɗa hankaka da kanari? Abu na farko ƙafa ce. Yatsu uku suna duban gaba, ɗaya dogo mai ƙarfi yana duban baya, dukansu a layi ɗaya, kuma jijiyar da ke lanƙwasa yatsan bayan nan dabam take da ta sauran. Shi ya sa ɗan tsuntsu yake iya damƙe zangarniyar gero iska tana kaɗa ta, yana ci ba ya faɗuwa. Amma ƙafa kaɗai ba ta isa shaida ba, domin kurciya ma tana sauka a reshe. Saboda haka masana suka duba fasalin ƙashin ganda, suka duba yadda 'ya'yansu suke fitowa daga ƙwai tsirara, idanu a rufe, ba su iya komai sai buɗe baki, saɓanin ɗan tsako da ke bin uwarsa ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Sa'an nan suka duba wurin da murya take fitowa. Tsuntsu ba da maƙogwaro irin namu yake kuka ba. Yana da wata 'yar gaɓa can ƙasa, daidai inda bututun numfashi ya rabu biyu zuwa huhu. Wani Bajamushe mai suna Johannes Müller ya yi ta feɗe wannan gaɓa, a 1847 ya nuna cewa a wasu 'yan ƙabilar tsokokin da ke sarrafa ta suna da yawa da sarƙaƙiya, a wasu kuwa kaɗan ne. Wannan bambanci da ya gani har yau shi ne babban layin da ya raba ƙabilar.

Reshe uku ake lissafawa yanzu. Na farko ƙarami ne ainun, jinsi 2 kacal suka rage da rai, dukansu a ƙasar Niyu Zilan. Na biyu su ne masu sauƙin gaɓar murya, jinsi fiye da 1,000, mafi yawansu a Kudancin Amurka, ba mu da su a Afirka sai 'yan ƙalilan a kurmi. Yawancinsu da kukansu ake haifarsu, ko an raba ɗa da iyayensa tun yana ƙwai zai yi kukan gidansu. Reshe na uku su ne mawaƙa, kimanin jinsi 5,000, kuma dukan waɗanda na ambata a bakin Tiga a nan suke. Su koyon waƙa suke yi, kamar yadda yaro yake koyon harshe a bakin manya. Na san za ku yi dariya in na ce hankaka mawaƙi ne, amma in aka feɗe shi za a tarar kayan waƙarsa ba su kasa na kanari ba, muryar ce dai Allah bai ba shi ba. Suda ma, duk daɗin bakinta, ta fi kusa da hankaka a wajen zumunta bisa ga kusancinta da kanari.

A nan nake so in tsaya kaɗan a kan sunayenmu na Hausa, domin kakanninmu ma sun yi nasu rabon, kuma yana da kyau a gwada shi da na masana. Wani wurin sun dace, wani wurin kama ta yaudare su, kamar yadda ta yaudari Turawan ma shekara da shekaru. Ku ɗauki tsattsewa. Da wannan suna muke kiran tsuntsaye iri biyu. Akwai wadda take ɗebo laka ta gina sheƙa a zaure ko a ƙarƙashin gada, tana kuma sauka a kan wayar lantarki. Wannan 'yar ƙabilar gwara ce. Akwai kuma wata siririya mai fukafukai kamar lauje, wadda take manna sheƙarta da miyau a jikin ganyen giginya, har ƙwan ma manna shi take yi. Ita wannan ba wanda ya taɓa ganinta zaune a kan waya, domin ƙafarta ba ta iya damƙa irin wancan, kuma ba ta cikin ƙabilar sam. Ta fi kusa da yautai. Abin da ya sa suka yi kama shi ne sana'arsu ɗaya, kamun ƙwari a sararin sama, sana'a kuwa takan sa jiki ya ɗauki siffar da ta dace da ita. Haka kuma carkin giwa, baƙin tsuntsun nan mai dogon bindi da ke bin dabbobi: suna ya haɗa shi da carki domin dukansu a bayan dabba ake ganinsu, amma shi ɗan dangin hankaka ne. Carki kansa an daɗe ana sanya shi cikin wani dangi mai yawa, daga baya aka ware masa nasa, mai jinsi 2 kaɗai, kuma ba a samunsu ko'ina sai a Afirka.

Inda Bahaushe ya burge ni kuwa shi ne kirarin da ya yi wa hankaka, mai da ɗan wani naka. Na ɗauka zance ne kawai, sai na karanta cewa akwai wani tsuntsu mai dabbare-dabbare, wanda ba ɗan wannan ƙabila ba, da yake saka ƙwansa a sheƙar hankaka, hankaka ya kwanta a kai ya ƙyanƙyashe ya yi reno. Wanda ya fara wannan kirari lalle ya hau itace ya leƙa sheƙa.

Yanzu sai asali. Na san kalmar sauyin halitta takan sa wasunmu su gyara zama, saboda haka bari in faɗi iyakar abin da nake nufi. Ni Musulmi ne, ban zo in yi jayayya a kan wanda ya yi halitta ba. Abin da masana suke bincike shi ne hanyar da jinsuna suka bi suka yawaita, da wane ya fi kusa da wane, kuma suna kafa hujja da abin da ake iya gani a auna. Duba halittu da rarrabe su ba baƙon abu ba ne ga malamanmu: Jahizu ya rubuta Kitabul Hayawan a ƙarni na 9, Damiri ya rubuta Hayatul Hayawan a ƙarni na 14. Makiyayi ma ya san cewa in ya yi ta zaɓen bijimi shekara da shekaru, garkensa zai sauya kama.

Hujjojin iri biyu ne. Akwai ƙasusuwan da suka daskare cikin duwatsu, sai dai ƙashin ɗan tsuntsu ba shi da ƙwari, ba kasafai yake wanzuwa ba. An sami wasu gutsattsari a wani wuri mai suna Murgon a Ostireliya, masu shekara wajen miliyan 55, waɗanda ake danganta su da wannan zuriya, an kuma sami cikakkun ƙasusuwa a Jamus masu shekara wajen miliyan 30. Hujja ta biyu ita ce sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda ake kira DNA. Jinsuna biyu da ba su daɗe da rabuwa ba, nasu yakan yi kusa da juna, waɗanda suka daɗe kuwa ya yi nisa. Wasu Amurkawa biyu, Sibley da Ahlquist, sun yi shekaru suna wannan awo, suka fitar da littafinsu a 1990, ya girgiza tsohon tsari. A da Turawa in sun je Ostireliya suka ga tsuntsu mai kama da na garinsu, sai su sanya shi a dangin na garinsu, suna ɗaukar cewa daga Turai ko Asiya ya je can. Awon ya nuna kuskuren tsattsewa ne suka yi. Tsuntsayen Ostireliya 'yan'uwan juna ne, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tsofaffin rassan mawaƙa duka a can suke. Ashe can ne gida, sauran duniya ne zango.

An yi gardama a kan shekaru. A farkon shekarun 2000 wasu sun ce ƙabilar ta haura shekara miliyan 80, suna kafa hujja da lokacin da Niyu Zilan ta ɓalle daga babbar nahiyar kudu. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya auna wakilan dukan dangogin, ya rage lissafin zuwa wajen miliyan 47, a yankin Ostireliya, watau bayan halakar manyan dabbobin nan na da da ta auku shekara miliyan 66 da suka wuce. Ostireliya ta yi ta matsowa arewa a hankali har ta kusanci tsibiran Indunisiya, sa'an nan wajen shekara miliyan 23 da suka wuce mawaƙa suka haura zuwa Asiya, daga nan suka bazu Afirka da Turai da Amurka. Wani abin mamaki kuma, tun 2008 awon ya nuna cewa ƙabilar da ta fi kusa da ta gwara ita ce ta aku. In kun tuna cewa aku ma koyon murya yake yi, abin ba zai zama baƙo ƙwarai ba.

Kada ku ɗauka wannan labarin da ne kawai ya ƙare. Akwai wani ɗan jan tsuntsu da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaki inda mata suka yi sussuka. Akwai kuma wani ɗan baƙi mai sheƙi, ɗan dangin zalaidu, wanda ba ya yin sheƙa, sai matarsa ta saka ƙwai a sheƙar jan nan. Ɗan baƙon yakan fito da ɗigo-ɗigo a cikin bakinsa irin na 'ya'yan masu gida sak, saboda haka a ciyar da shi tare da su. In namiji ne sai ya koyi waƙar uban riƙonsa, in mace ce kuwa, in ta girma ba ta yarda da namiji sai mai wannan waƙa, kuma a sheƙar irin waɗanda suka rene ta za ta saka nata ƙwan. To, ku duba abin da zai faru ranar da wata ta yi kuskure ta saka a sheƙar wani jinsi dabam. 'Ya'yanta za su tashi da wata waƙa, su auri masu irin waƙarsu, su rabu da danginsu na asali alhali suna daji ɗaya. Wani Ba'amurke, Robert Payne, ya shafe shekaru yana bin waɗannan tsuntsaye har a ƙasar nan, shi da abokan aikinsa suka nuna a 2003 cewa ta haka jinsunansu suka yawaita. Shi ne kuma a 1998 ya bayyana wani sabon jinsin jan tsuntsun daga duwatsun Jos, wanda littattafai ba su san da shi ba, kuma waƙar da ɗan riƙonsa yake kwaikwayo tana cikin abin da ya tona shi. Duwatsun Riruwai da ke ƙasar Doguwa irin na Jos ne a wajen asali. A ganina ya cancanta wani daga cikinmu ya ɗauki tabarau mai jawo nesa ya je ya duba.

Na dawo ga gona. Babban abokin gabar manomi a wannan ƙabila shi ne jan-baki, ɗan dangin kabare da mulufi, wanda nauyinsa bai wuce giram 20 ko kusa da haka ba, amma ana ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi bayan ƙyanƙyasa, ba wani tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Linnaeus da ya sa masa suna a 1758 ya ɗauka daga Indiya yake. Wani Bature mai suna Peter Ward ya yi nazarinsa a yankin Tafkin Cadi, ya buga sakamakon a 1965, ya nuna cewa ainihin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne. Da rani yana tsintarsu a ƙasa. In ruwan farko ya sauka suka tsira, sai abinci ya yanke masa a dare ɗaya, dole ya yi kudu inda damina ta riga ta yi nisa, sa'an nan ya komo arewa ya yi sheƙa cikin ƙayoyi. Ƙwansa kwana 10 yake yi ya fashe, bayan mako biyu ɗan ya tashi. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974 aka buɗe noman rani a Kadawa da kewaye, mun sami shinkafa da alkama, amma mun kuma shimfiɗa wa tsuntsu tabarma a lokacin da a da yunwa take rage shi. A kwarin Haɗeja kuwa kacala ta cika fadamu ta zame masa makwanci.

Maganin da hukumomi suka saba yi shi ne feshin guba da jirgin sama a makwancinsa da dare. Ba na zargin manomin da ya nemi a yi haka, domin na san yadda zangarniya take komawa ƙaiƙayi kafin hantsi. Amma an shafe shekaru masu yawa ana feshi a Afirka yawansa bai ragu ba, saboda saurin haihuwarsa, gubar kuwa ba ta san jan-baki da wanda ba shi ba. Tana kashe masu cin ƙwari, tana kashe shaho da mujiyar da suka ci gawar. A nan ne sanin rabe-rabe yake da amfani ga ma'aikacin gona. Bakin tsuntsu yana faɗar abincinsa: gajere mai kauri na fasa tsaba ne, siriri mai tsini na kama ƙwaro ne, dogo lanƙwasasshe irin na sha-kauci na tsotsar fure ne. Ni kaina na kashe masu siririn baki da dama da danƙo ina yaro, ina ganin na taimaki babana, alhali tsutsar da ke cin masararmu suke tsincewa. Carki ma yanzu ba a ganinsa kamar da a inda ake yi wa shanu wankan maganin kaska.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne wa yake rubuta wannan ilmi. Angus Buchanan ya zo Kano a ƙarshen 1919, ya tara tsuntsaye a wajen Fanisau kafin ya wuce Azbin, fatunsu kuwa wani gidan tarihi na Ingila aka kai wa. Bannerman ya rubuta littafi 8 a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma tsakanin 1930 da 1951. Jerin tsuntsayen Jihar Kano da Sharland da Wilkinson suka buga a mujallar Malimbus a 1981 Turawa ne suka yi shi, da Turanci. Alhamdu lillahi, tun 2002 akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana yaye 'yan ƙasa. Amma sunayen Hausa a bakin tsofaffin maharba da makiyaya suke, su kuwa tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya, dajin Falgore da na Dansoshiya da suka koyi sunayen a ciki gatari yana cinsu. Da na je gida hutun da ya wuce na tambayi yara goma sha wani abu sunan mulufi yana tsaye a kan karan dawa a gabanmu, biyu ne suka sani. Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya ta ɗauki aiki guda: duk wanda zai tafi hutu ya tafi da ɗan littafi, ya zauna da tsoho ɗaya a garinsu, ya rubuta sunan kowane tsuntsu da kamanninsa da abincinsa da lokacin zuwansa da abin da ake faɗa a kansa. In mun dawo sai mu haɗa, mu kai wa malamanmu na sashen nazarin halittu su sa mana sunayen Latin a gefe. Ni na riga na fara da na Ƙofa, littafin yana nan a hannuna ga mai son dubawa bayan an tashi.